Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Faransa Kan Ƙurar Bama-Baman Sahara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jamhuriyar Faransa, da Ministan Tsaro, da 'yan Majalisar Dokokin ƙasar.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Wata taswira ce ta sa na ɗauko alƙalami, kuma taswirar nan taku ce, ba ta kowa ba. Sojojinku ne suka zana ta, suka manna mata hatimin sirrin tsaro, aka kulle ta sama da shekara 50. Ba a sake ta ba sai a 2013, shi ma ba don an ga dama ba, sai don tsofaffin sojojin da suka yi aiki a filayen gwajin bama-bamanku na nukiliya a Sahara sun shigar da ƙara, dole ta sa aka fito da wasu takardu. A watan Fabrairun 2014 jaridar Le Parisien ta buga ta, duniya ta gani. Ɗigo ne guda a kudancin Aljeriya, layuka na bajewa daga jikinsa kamar ruwan da aka kifar a daɓe, kowane layi da lissafin kwanakinsa. Kwana ɗaya da tashin bam ƙurar ta ratsa hamada ta doshi Tamanrasat. Ta isa Njamena. A kwana huɗu ta kai Bamako. A kwana na 13 ta taɓo gaɓar tekun Sifaniya, ta lulluɓe rabin tsibirin Sisili. Na aza yatsa a kan Bamako, na aza wani a kan Njamena, na dubi abin da ke tsakaninsu. Ba sai an yi karatun ilimin ƙasa ba kafin a san su wa ke zaune a wurin. Mu ne.

Ranar Asabar ce, 13 ga Fabrairun 1960, da ƙarfe 7:04 na safe. A Hamudiya, kudu da garin Reggan, kuka ɗora bam a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, kuka tayar da shi. Ƙarfinsa ya kai na tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka wanda ya rushe Hiroshima fiye da sau huɗu. Kuka raɗa masa suna Gerboise Bleue, shuɗin ɓeran hamada, ɗan abin nan mai tsalle-tsalle da bai taɓa cin ma kowa ba. Janar de Gaulle ya aika da saƙon murna, yana cewa daga safiyar nan Faransa ta ƙara ƙarfi, ta ƙara alfahari. To, wane saƙo aka aika wa makiyayin da ke tatsar taguwarsa a Azbin? Wane aka aika wa matar da ta shanya tsaba a tsakar gida, ko mai rijiyar da bakinta ke buɗe?

A watan Fabrairu kuwa hunturu bai gama tattara kayansa ba. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san yadda ake goge tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka da yatsa a kansa. Ya san yadda leɓe ke tsagewa, yadda rana ke komawa kamar farin faranti a cikin hazo har ka iya ƙura mata ido. Ƙurar da ke yin wannan aikin daga hamada take zuwa, kuma tun fil azal ba ta taɓa tsayawa a kan iyaka ta nuna takarda ba.

Ba za ku ce ba a ja muku kunne ba. Tun a 1959 Maroko ta kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, a ranar 20 ga Nuwamba babban zauren ya zartar da ƙuduri yana neman Faransa ta dakata. Wakilinku Jules Moch ya tsaya ya yi ta bayani cewa wurin fayau yake, babu abin da zai sami maƙwabta. A watan Disamba wata tawagar masu zanga-zangar lumana, wadda Michael Scott da Bayard Rustin ke cikin jagororinta, ta taso daga Accra da niyyar zuwa ta zauna daram a filin gwajin. Jami'anku suka tare ta a Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, suka mayar da ita. Da bam ya tashi, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana. Da kuka tayar da na uku a ranar 27 ga Disamban 1960, Najeriya ko wata uku ba ta cika da samun 'yanci ba, amma a ranar 5 ga Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanku Raymond Offroy, ta hana jiragenku na sama da na ruwa shigowa ƙasarta. A lokacin an ɗauki waɗannan mutane a matsayin masu tsoron inuwa, waɗanda ba su fahimci kimiyya ba. Ba su da na'urar awo a hannu, gaskiya ne. Amma sun san iska. Takardar da kuka ɓoye ita ce ta zo bayan shekara 54 ta tsaya musu shaida.

Akwai kuma abin da ake yawan tsallakewa. Ranar da Gerboise Bleue ya tashi, Nijar da Mali da Chadi ba su kai ga samun cikakken 'yanci ba, sai daga baya a cikin shekarar. Tsaronsu da harkokinsu na waje a hannunku suke. Mutanen da ƙurar ta sauka a kansu amanarku ne a ranar. Ba baƙi ba ne da tsautsayi ya rutsa da su.

Maganar cewa hamada ba kowa, ita ma sai dai a gaya wa wanda bai taɓa zuwa ba. Yankin Tuwat, inda Reggan take, jerin garuruwa ne da gonakin dabino da suka daɗe suna ciyar da ayari, tun zamanin da fatake ke ratsawa tsakanin arewacin Afirka da ƙasashen Sudan. Abzinawa na kiwo a kewaye. Ku da kanku kun ɗebi leburori daga cikin mutanen wurin, sun yi muku haƙa, sun yi muku dako. Lokacin neman masu ɗaukar kaya akwai mutane, lokacin lissafin wanda abin zai shafa sai wuri ya zama kango.

Huɗu kuka tayar a sararin samaniya a Reggan. Uku na farko kuka ba su launukan tutarku, shuɗi da fari da ja. Na huɗun, kore, a ranar 25 ga Afrilun 1961 aka tayar da shi cikin gaggawa, daidai lokacin da wasu janar-janar ɗinku suka yi bore a babban birnin Aljeriya. A 2010 wani rahoton sirri ya ɓullo, ya nuna cewa a wannan gwajin an tura sojojinku, kusan 300, su yi atisaye a kusa da inda bam ya tashi, don a ga abin da makamin ke yi wa jikin mutum da tunaninsa. Yara ne samari, da yawansu aikin soja na dole ya kai su. Wanda ya yi wa ɗan cikinsa haka, ina dalilin da zai sa ɗan maƙwabci ya yarda an kiyaye shi?

Daga nan kuka koma ƙarƙashin ƙasa, cikin dutsen Tan Afella a In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasat. Gwaji 13 tsakanin Nuwamban 1961 da Fabrairun 1966, mafi yawansu bayan Aljeriya ta sami 'yanci, domin yarjejeniyar Evian ta 1962 ta bar muku filayen har shekara biyar. An ce a cikin dutse komai zai tsaya. Ranar 1 ga Mayun 1962 dutsen ya ƙaryata ku. An gayyaci manya su kalli gwajin da aka kira Béryl, cikinsu har da ministoci biyu, Pierre Messmer na soja da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Da bam ya tashi sai toshiyar ramin ta gaza. Narkakken dutse da baƙin hayaƙi suka yi tsartuwa daga gefen tsaunin, iska ta juyo da gajimaren kan 'yan kallo, wuri ya hargitse, kowa ya yi ta kansa. Ministocin nan sai da aka tuɓe su aka cuɗe su a ɗakin wanka, ana bin jikinsu da na'ura. Wasu sojoji tara da aka bari a bakin aiki sun kwashi tururin sosai, har aka kwashe su zuwa asibiti a Faransa. Gajimaren kuwa bai tsaya inda ministoci suka tsaya ba. Ya wuce. Wa ya bi makiyayan da ke gaba da na'ura? Wa ya ba su ko da sabulu?

Palewski ya rasu a 1984 da sankarar jini, kuma ya tafi yana ganin ranar ce sanadi. Messmer ya rayu har 2007, ya kai shekara 91. Mutum biyu, wuri ɗaya, rana ɗaya. Na kawo wannan ne don ku san ba da son zuciya nake magana ba. Haka tururin nukiliya yake: ba ya sa hannu a kan aikinsa. Likita ba zai dubi sankarar mutum ɗaya ya rantse cewa daga bam ta zo ba. Ana gane ɓarnarsa ne ta hanyar lissafi, a ce wuri kaza ya sami adadi kaza a rana kaza, mutum nawa ke wurin, me suka ci, me suka sha, sannan a duba ko cuta ta fi yawa a cikinsu. In babu alƙaluman farko, babu sauran lissafin. Alƙaluman farkon kuwa suna hannunku. Wanda ake zargi shi ke riƙe da mudu, shi ke awo, shi ke faɗin abin da ya auna, sannan ya ce wa mai ƙara ya kawo hujja.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ke cikin ƙurar, domin a nan ne rashin gargaɗi ya fi ciwo. Akwai ayodin-131. Yana sauka a kan ciyawa, dabba ta ci, ya fito a nono, yaro ya sha, ya je ya taru a 'yar halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Bayan shekaru yana iya zama sankara, kuma ƙananan yara ya fi kamawa. Amma ba ya daɗewa: duk kwana takwas ƙarfinsa na raguwa da rabi, cikin wata biyu zuwa uku ya kusa ƙarewa. Ma'ana, da an yi shela kawai, a ce wa mutane su ɗan kauce wa ɗanyen nono na wasu makonni, su rufe rijiya da randa, da an rage abin da yawa. Sanarwa ce da ba ta fi aikin sanƙira ba. A yankin da nono ne abincin yaro safe da yamma, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sauran sun fi naci. Sitirontiyom-90 na bin hanyar da sinadarin ƙashi ke bi, ya zauna a ƙashi da haƙori, sai kusan shekara 29 yake raguwa da rabi. Sisiyom-137 shekara 30. Fulutoniyom-239, wanda kuka warwatsa a wasu ƙananan gwaje-gwaje a filayen, shekara dubu 24.

Ba ku kaɗai ba ne kuka san a yi gargaɗi kuka zaɓi wanda za a yi wa. A Amurka, bayan kamfanin Kodak ya yi ƙorafi a 1951 cewa ƙurar gwajin Nevada na barazana ga fim ɗinsa na hoto, hukumar nukiliyar ƙasar ta riƙa ba shi labari da hasashen inda ƙura za ta sauka. Masu shanun da ke sayar da madara ga yara ba su sami wannan gata ba. Fim ya fi maƙogwaron yaro daraja. Na faɗi wannan ne ba don in rage muku nauyi ba, sai don a ga cewa ɗabi'ar iri ɗaya ce a duk inda aka ba kura ajiyar nama.

Zan kuma faɗi abin da wasu 'yan uwana ba za su so ji ba. Ba kowace sankara ba ce a yankin Sahel ta fito daga Reggan, kuma ba kowace ƙurar hunturu ba ce ke ɗauke da gubarku. A watan Fabrairun 2021 jar ƙurar Sahara ta sauka a kan dusar ƙanƙara da motoci a gabashin Faransa, wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira ACRO ta auna ta ta sami ɗan sisiyom-137, jaridu suka yi ta cewa kaya ya koma wa mai shi. Sai ga wani bincike da aka wallafa a 2025, wanda ya duba ƙurar da ta sauka a Turai a watan Maris na 2022. Ya gano cewa abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya cutar ba, kuma alamominsa sun fi kama da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, ba na Faransa ba. Kun gani? Da aka bar masana suka auna a fili, sakamakon ya wanke ku a wannan gaɓar, kuma mun karɓa. Abin da muke nema ke nan a kan 1960. In adadin da ya sauka a Agadas da Damagaram da Kano da Maiduguri bai taka kara ya karya ba, ku fito da takardun, masana masu zaman kansu su duba, mu huta da zargi, ku ma ku huta. In ba rami, me ya kawo maganar rami? Shirunku ne ke ciyar da jita-jita, har ta kai duk yaron da aka haifa da nakasa a hamada ana cewa bam ne.

Sai maganar abin da kuka binne. Da kuka tashi barin filayen a 1967, ba ku kwashe kayanku ba. Motoci, da sassan jirage da tankokin da aka jera don a ga yadda bam zai yi da su, da kayan aiki da suka gurɓata, aka haƙa ramuka aka tura su, aka mayar da yashi. Yashi kuwa ba ya riƙe amana, abin da ya rufe bana shi zai tone baɗi. Mutanen yankin, waɗanda ba wanda ya yi wa bayani, suka riƙa zuwa suna kwasar wayoyin jan ƙarfe da fallayen kwano, na sayarwa a sayar, na rufin ɗaki a rufa. Talaka ya ga jan ƙarfe yashe a daji, ba shinge, ba allon gargaɗi da harshen da yake ji, me kuke so ya yi? Jan ƙarfe kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ana narka shi, yana shiga kasuwa, yana tsallake iyaka kamar kowace haja. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta aika da masana a 1999, rahotonsu ya fito a 2005, sun sami wuraren da har lokacin ke da sauran guba, musamman daskararren dutsen da Béryl ya amayar. Amma ɗan abin da suka iya dubawa ke nan cikin 'yan kwanaki, ba tare da sanin inda ramukan suke ba. A watan Afrilun 2021 babban hafsan sojan Aljeriya, Saïd Chengriha, ya dubi takwaransa na Faransa, François Lecointre, ya nemi taswirorin wuraren da aka binne kayan. Abin kunya ne a ce sai an roƙa. Ko mai haya in zai tashi yakan nuna wa mai gida inda tsohuwar masai take, kada yaro ya rufta.

Maimakon a sassauta, sai kuka ƙara ɗaure ƙofar. Dokar adana takardun tarihi ta 2008 ta ware wani rukuni da ba za a taɓa buɗewa ba, komai daɗewa: duk takardar da za ta iya taimaka wa wani ya ƙera ko ya gano makamin ƙare-dangi. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da hikimar wannan. Ba wanda ya ce ku koya mana haɗa bam, ba ma so. Amma rahoton inda iska ta kaɗa ranar 14 ga Fabrairun 1960, da abin da matatar iska ta kama a tashoshinku na awo, da adadin da aka samu a ruwa ko a nono, da sunayen leburorin da aka ɗauka aiki da abin da na'urar da aka rataya musu ta nuna, wanne ne a ciki zai koya wa ɗan ta'adda ƙera makami? An fake da guzuma ne ana harbin karsana.

Za ku ce ai kun yi doka. E, kun yi: dokar Morin ta 5 ga Janairun 2010, da kwamitin biyan diyya na CIVEN. Na karanta sharuɗɗan. Sai mutum ya tabbatar da cewa ya zauna a cikin wani yanki da aka shata a kewayen Reggan ko In Ekker, a tsakanin wasu ranaku, sannan yana ɗauke da ɗaya daga cikin cututtuka 23 da aka lissafa. A shekarun farko an yi ta watsi da buƙatu da hujjar cewa haɗarin bai kai a damu ba, har sai da aka cire wannan sharaɗin a 2017. Yanzu ku dubi makiyayin da ba shi da takardar haihuwa, wanda gidansa ke bayan raƙumi, a ce ya kawo shaidar inda ya kwana a 1962, da takardar asibitin da ya tabbatar da irin sankararsa, alhali asibitin da ke iya wannan gwajin na da nisan ɗaruruwan kilomita. Ba mamaki har zuwa 2021 ɗan Aljeriya ɗaya tak aka biya. Ɗaya. Mutumin Nijar ko Mali ko Chadi ko Najeriya da bai taka filin ba kuwa, ko layin ma ba zai shiga ba, domin dokar ba ta san da shi ba. Taswirar sojojinku ta kai Bamako, taswirar dokarku ta tsaya a bakin shinge.

Mun ga yadda ta kaya a Polinesiya, tsibiran nan da ke ƙarƙashinku a tekun Pasifik, shi ya sa ba ma karɓar "ku yarda da mu" a matsayin amsa. Gwaji 193 kuka yi a Moruroa da Fangataufa daga 1966 zuwa 1996, shekara da shekaru ana ce wa mutanen tsibiran masu tsafta ne. A 2021 'yan jaridar Disclose da masana daga Jami'ar Princeton suka ɗauki takardun da aka saki, suka sake lissafin daga tushe. Suka nuna cewa gajimaren gwajin Centaure na 17 ga Yulin 1974 ya bi ta kan Tahiti, kuma mutanen da ƙurar ta shafa za su kai dubu 110, kusan duk al'ummar wurin a lokacin. Ba a jima ba, a watan Yulin 2021, Shugaba Emmanuel Macron ya je Papeete, babban birnin Polinesiya, ya ce Faransa na da bashi a wuyanta, ya yi alƙawarin buɗe takardu. Madalla. Amma a lura da yadda abin ya bi: takardu suka fita, wasu da ba ku ba suka auna, sannan aka amsa bashi. Kuma alƙawarin na Polinesiya ne, inda mutane ke da katin zaɓen Faransa da wakilai a majalisarku. Da Aljeriya kun amince a 2022 a kafa kwamitin masana tarihi na haɗin gwiwa. Sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin layukan taswirar ba su da kujera a ko'ina.

Wasu sun riga ku, kuma sama ba ta faɗo ba. A 1993 sakatariyar makamashin Amurka, Hazel O'Leary, ta fito ta bayyana gwaje-gwaje 204 da aka yi a ɓoye. A 1997 cibiyar binciken sankara ta ƙasar ta wallafa ƙiyasin ayodin-131 da ya shiga jikin mutane, gunduma bayan gunduma, ta yadda mutum zai duba inda aka haife shi ya san matsayinsa. An yi jan ƙafa kafin a fitar, amma an fitar. Ostireliya ta kafa hukumar bincike a 1984 kan gwaje-gwajen Birtaniya a Maralinga, a ƙarshe Birtaniya ta biya fam miliyan 20 don a share wurin. Ba wanda ya ƙera bam da waɗannan bayanai.

Tun da wasiƙar a buɗe take, bari in ɗan juya ga namu shugabannin, don kada a ce an bar jaki ana dukan taiki. Ƙasar da ta kori jakada a 1961 a kan wannan magana, yau ko tambaya ba ta yi. Jami'ar Ibadan ta sami sashen sa ido kan tururin nukiliya a 1964 saboda waɗannan gwaje-gwajen, to ina alƙaluman da aka tara a wancan zamanin, kuma me ya hana a buga su kowa ya gani? Afirka na da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar, da hukumar da ke kula da ita. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya a 2020, wadda sashenta na 6 da na 7 ke magana a kan taimakon waɗanda gwaji ya shafa da gyaran muhalli. Ga kujeru, ga takardu, sai dai ba mai tashi ya yi magana. Kuma ko gobe Faransa ta juye mana takardunta kaf, in ba mu da rajistar masu sankara da za a gwada da su, rabin aikin ne. Wannan laifinmu ne, ba naku ba. Amma sakacin mai kaya ba ya halatta wa wanda ya ɗauka ya riƙe.

Ranku ya daɗe, lokaci ba ya gefen masu jira. Yaron da ke da shekara biyar yana shan nono ranar da Gerboise Bleue ya tashi, yau ya kai saba'in. Leburorin Reggan da In Ekker, waɗanda za su iya nuna da sanda su ce nan aka haƙa, nan aka tura motar, saura ƙalilan. In dabarar ita ce a yi ta jan rai har mai shaida na ƙarshe ya kwanta dama, to dabarar na aiki, sai dai fulutoniyom ɗin da ke cikin yashi ba ya cikin wannan yarjejeniya.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfinku ba. Ku saki dukkan awon da aka yi na iska da ruwa da ƙasa da abinci bayan gwaje-gwaje 17 na Sahara, musamman huɗun Reggan da Béryl, daga kowace tasha da kuke da ita a Afirka a lokacin, da ranakunsu da alƙalumansu yadda suke, ba taƙaitawar da wani jami'i ya tace ba. Ku sa su a intanet inda ɗalibin kimiyya a Yamai ko Zariya zai sauke ba tare da neman biza ba. Ku miƙa wa Aljeriya taswirar ramukan, ku sa hannu a aikin killace su da share su. A gyara dokar 2008 ta bambance sirrin ƙira da bayanin lafiyar jama'a, a kuma ba wani kwamiti da ba na ma'aikatar tsaro ba ikon yanke wace takarda ce ta faɗa wane ɓangare. In lissafin masana masu zaman kansu ya nuna akwai wuraren da abin ya kai a damu a wajen shingen dokar Morin, a faɗaɗa shingen ya bi ƙurar, kuma a yi bayanin da Larabci da Tamashek da Hausa, a rediyo, inda mutanen suke ji. In kuwa akwai takardun da aka lalata ko suka ɓata, ku faɗa, ku ce wanne, yaushe, da umarnin wa.

Taswirar Gerboise Bleue guda ɗaya ce, ta gwaji guda. Saura 16. A fara da ta 1 ga Mayun 1962.

Na gode.

Daga ɗaya daga cikin jikokin mutanen da ke tsakanin Bamako da Njamena.